FASHIN BAƘI: Lift, raise, hoist, heave da elevate: Yadda Turanci ya rarraba abin da Hausa ke kira 'ɗagawa'

A ranar 12 ga Oktoba, 2023, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya janye takunkumin da ya hana masu shigo da kayayyaki iri 43, ciki har da shinkafa da siminti, sayen dala a kasuwar canji ta hukuma. Da jaridun Turanci suka tashi ba da labarin, kalmar 'lift' suka yi amfani da ita. Bayan wata huɗu da rabi, a ƙarshen Fabrairun 2024, bankin ya ƙara kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa kashi 22.75 cikin ɗari. A wannan karon kalmar 'raise' ce ta cika kanun labarai.

Ɗalibin da aka koya wa cewa 'lift' ɗagawa ce, 'raise' ma ɗagawa ce, zai zaci abu ɗaya bankin ya yi har sau biyu. Alhali a labarin farko sauke wa 'yan kasuwa wani nauyi aka yi, a na biyu kuwa ƙara wa masu karɓar rance nauyi aka yi. Kalmomin 'yan uwan juna ne idan ana maganar buhu ko akwati, amma da zarar sun shiga labarin doka da kuɗi, sai kowace ta kama gabanta.

Wannan bambanci bai tsaya ga masana harshe ba. Ya shafi mai fassara labarai a gidan rediyo, da ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, inda ake tambayar kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana, da direban tankar da aka miƙa wa takardar lodi, har da majinyacin da aka sallama daga asibiti da umarni rubuce cikin Turanci.

Kwangila, inda ake ganin dukkansu a rana ɗaya

Mai son ganin waɗannan kalmomi da idonsa ba sai ya je Ingila ba. Kwangila da ke Zariya ta ishe shi. Nan ne babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta bi ta kan gada, yayin da hanyar da ta nufi Samaru da Shika da Funtuwa har zuwa Sakkwato ta ratsa ta ƙarƙashinta. Ita kanta kalmar kwangila aro ce daga Turanci, daga 'contract' da 'contractor' Hausa ta samo ta, ta gyara ta daidai bakinta.

A wannan mahaɗa aikin ɗagawa ba ya yankewa tun daga asuba. Ɗan dako ya ɗauki jakar fasinja ya ɗora a kan mota. Majiya ƙarfi biyu sun cicciɓi buhun masara sun wurga cikin a-kori-kura. Fasinja ya ɗaga hannu ya tsayar da bas. Mai faci ya sa jak ya ɗaga gefen tirela. Bakanike ya rataya sarƙa ya zaro inji daga cikin mota. Yaro ya sunkuya ya ɗauki canjin da ya faɗi ƙasa. Ga kuma gadar kanta a sama da kowa.

Bahaushe zai iya bayyana kusan duk waɗannan da kalma biyu, ɗaga da ɗauka, kuma a fahimce shi sarai. Bature kuwa kalma bakwai zai nema: 'lift' ga jakar, 'heave' ga buhun, 'raise' ga hannun, 'jack up' ga tirelar, 'hoist' ga injin, 'pick up' ga canjin, sannan ya kira hanyar da ke kan gadar 'elevated'.

Dalilin yawansu

Turanci harshe ne da ya sha aro, kuma kowace daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da alamar gidan da ta fito. 'Heave' ce 'yar gida, domin tana cikin tsohon Turanci tun fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma tushenta ɗaya da 'heavy', wato mai nauyi. 'Lift' da 'raise' sun shigo ne daga harshen mutanen arewacin Turai da ake kira Viking, waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9. Tushen 'lift' yana da alaƙa da kalmarsu ta iska da sararin sama, tushen 'raise' kuma yana nufin a sa abu ya tashi tsaye. 'Hoist' ta fito daga bakin ma'aikatan jiragen ruwa, masu jan igiya su ɗaga filafilan jirgi. 'Elevate' kuwa daga Latin take, harshen coci da kotu da makaranta a Turai ta wancan zamani, shi ya sa har gobe take da ƙamshin ofis.

Wanda ya riƙe wannan tarihi ya riƙe rabin darasin: akwai ta iska, akwai ta tsayuwa, akwai ta igiya, akwai ta nauyi, akwai kuma ta manya.

Lift: a raba abu da mazauninsa

Ainihin ma'anar 'lift' ita ce a raba abu da inda yake zaune, a yi sama da shi, yawanci da ɗan ƙoƙari. Sharaɗinta shi ne abin ya bar ƙasa ko ya bar abin da yake kai. Saboda haka likitan da ya rubuta wa wanda aka yi wa tiyata cewa kada ya yi 'lifting' na abu mai nauyi, yana nufin bokitin ruwa da jarkar mai da buhun hatsi, har da yaron da ya fara girma.

Daga wannan ma'ana ta rabuwa da mazauni ne sauran ma'anonin suka tsiro. Idan doka ko takunkumi ya danne mutane kamar murfi, cire shi ake kira 'lift'. Haka aka rubuta a ranar 24 ga Fabrairu, 2024, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta janye takunkuman da ta ƙaƙaba wa Jamhuriyar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. Ga ɗan kasuwar da ke jiran a buɗe iyakar Jibiya ko ta Illela, kuskuren fassara a nan ba ƙaramin abu ba ne. Da an ce masa an 'ƙara' takunkumi, da ya ci gaba da zama da kayansa a ƙasa.

A harkar man fetur, 'lift' na nufin ɗaukar kaya daga matata ko daffo. Da kamfanin NNPC ya fara ɗaukar fetur daga matatar Dangote a ranar 15 ga Satumba, 2024, da wannan kalma aka ba da labarin, kuma ba wanda ya ɗaga komai sama, tankoki ne kawai suka yi lodi. Haka 'airlift' take a bakin hukumar alhazai ta NAHCON, abin da Hausa ta daɗe tana kira jigilar maniyyata.

Akwai wasu ma'anoni uku da ya kamata ɗalibi ya sani. Idan mai mota ya ɗauki mutum kyauta daga Kwangila zuwa Samaru, ya ba shi 'lift', wato ya rage masa hanya. Idan aka ce wani ya yi 'shoplifting', sata ya yi a kanti. Idan kuma malami a Jami'ar Ahmadu Bello ya rubuta 'lifted' a gefen shafin kundin ɗalibi, ba yabo ba ne. Yana nufin an kwashe rubutun wani an ɗora ba tare da an ambaci mai shi ba, laifin da kan jawo wa ɗalibi hukunci mai tsanani.

Raise: a ƙara wa abu tsayi ko yawa

'Raise' ba ta damu da nauyi ba, kuma ba ta buƙatar abin ya bar mazauninsa. Damuwarta ita ce abin ya koma matsayin da ya fi na da tsayi, ko ya miƙe tsaye. Hannun da aka ɗaga a aji yana nan manne da kafaɗa, katangar da aka ƙara wa tsawo tana nan a kan harsashinta, amma duka biyun an yi musu 'raise'.

Wannan ne ya sa ta zama kalmar duk abin da ake aunawa da lamba: farashi, haraji, kuɗin mota, kuɗin makaranta, albashi. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a watan Yulin 2024, daga Naira 30,000 da aka tsayar a 2019, 'raise' aka yi. Idan ƙarin ya zo da yawa kuma ba zato, kamar yadda kuɗin mota ke yi a jajibirin Sallah, 'yan jarida sukan koma ga 'hike' ko 'jack up', kuma duk wanda ya zaɓi waɗannan ya riga ya nuna rashin jin daɗinsa da ƙarin.

Ta ɗaya ɓangaren, na sa abu ya tashi ko ya samu, 'raise' ta yi rassa da yawa waɗanda Hausa ke da kalma daban ga kowanne. Ga yara, reno ne da tarbiyya. Ga shanu da kaji, kiwo ne. Ga kuɗin gina masallaci ko makaranta, tarawa ce ko kafa gidauniya. Ga batu a zauren majalisa, gabatarwa ce ko tayar da magana. Ga murya ne kawai harsunan biyu suka yi daidai, domin Bahaushe ma ɗaga murya yake cewa.

Tarkuna biyu ne ke jiran mai koyo a nan. Na farko shi ne rikita 'raise' da 'rise'. Bambancinsu shi ne bambancin tayarwa da tashi. Rana da hayaƙi da farashi suna 'rise' da kansu, amma 'raise' sai da mai yi da wanda aka yi wa. Jumlar da ta ce farashin fetur ya tashi ta ɓoye wanda ya ƙara shi, wadda ta ce an ƙara farashin kuwa ta nuna akwai hannun wani. Mai karatu mai lura yakan gane manufar marubuci daga wannan zaɓi kaɗai.

Tarko na biyu ya fi haɗari ga mai sauraro. Akwai kalmar 'raze' wadda furucinta ɗaya ne da 'raise', amma ma'anarta ita ce a rushe ko a ƙone ƙurmus. Da ita jaridu suka ba da labarin gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016. Kunne ba ya rarrabe su, sai dai ido a rubuce, ko hankali daga yanayin maganar.

Hoist: sai da igiya

'Hoist' ɗagawa ce da taimakon igiya ko sarƙa ko inji, inda abin ke tafiya sama yana reto. Lebura a wurin gini da ke jan bokitin kwaɓaɓɓen siminti zuwa hawa na biyu 'hoisting' yake yi, haka ma bakaniken da ke zaro inji. Na'urar da ake aikin da ita ma sunanta 'hoist'. Akan yi amfani da kalmar ga mutum idan an cilla shi sama a kafaɗa, kamar yadda magoya baya kan yi wa ɗan damben da ya yi kisa.

Inda aka fi jin ta a labarai shi ne batun tuta. A daren da ya wayi garin 1 ga Oktoba, 1960, an sauke tutar Birtaniya a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, aka ɗaga tutar kore da fari da Michael Taiwo Akinkunmi ya zana. 'Hoist' ce kalmar wannan aiki, kishiyarta kuma 'lower'. Amma idan labarin na mayaƙa ne da suka mamaye gari, gogaggen mai fassara ba ya cewa sun ɗaga tuta, cewa yake sun kafa tuta, domin abin da labarin ke nufi shi ne iƙirarin iko da wuri.

Heave: ɗagawa da nishi

Babu kalmar da ta dace da 'yan lodin tasha kamar 'heave'. Ita ce ɗagawar da mutum ke tattara dukkan ƙarfinsa a yunƙuri ɗaya, jijiyoyin wuya su fito, numfashi ya tsaya. Buhun siminti mai kilo 50 ƙaƙƙarfan mutum zai iya yi masa 'lift', amma buhun masara mai kilo 100 sai an yi masa 'heave', kuma sau da yawa sai da mataimaki, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kalmar tana kuma ɗauke da ma'anar wurgawa bayan an ɗaga. A Hausa, cicciɓa da sunguma ne suka fi kusa da ita.

Saboda tana nuna motsi mai wahala daga ciki, ana amfani da ita ga ƙirjin wanda ya yi gudu yana haki, da kuma cikin mai yunƙurin amai. Daga gare ta aka samo 'upheaval', wato hargitsin da ke birkita zaman al'umma. Wani abin lura shi ne yadda harsunan biyu suka kalli numfashin wanda ya fita daga fargaba. Bature ya ce an yi 'heave' ɗinsa, wato an ɗago shi da ƙyar daga ƙirji, Bahaushe kuwa ya ce an sauke ajiyar zuciya. Ɗaya ya kalli fitowar numfashin, ɗayan ya kalli nauyin da ya sauka.

Elevate: kalmar kotu da asibiti

Ba a jin 'elevate' a bakin mai ɗora kaya. Kalma ce ta takarda, kuma ta fi karkata ga daraja da muƙami. Lokacin da Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta zama mace ta farko a Kotun Ƙoli a 2005, kafin ta zama Babbar Jojin Najeriya a 2012, 'elevated' aka ce an yi mata. Haka ake faɗa ga lauyan da ya samu lambar SAN, ko malamin jami'a da ya zama farfesa. Ɗaukaka ko ɗaga darajar mutum ita ce fassararta.

A asibiti tana da aiki biyu. Idan aka ce wa mai kumburin ƙafa ya yi 'elevate', ana nufin ya ɗora ƙafar a kan matashi ta zauna a sama na wani lokaci, ba ya ɗaga ta ya sauke ba. Idan kuma sakamakon gwaji ya nuna 'elevated', ana nufin adadin ya haura yadda aka saba. A ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2017, an keɓe wannan kalma ga wanda awon jininsa na sama ke tsakanin 120 da 129, na ƙasa kuma bai kai 80 ba. Mataki ne na gargaɗi kafin a kai ga abin da suka kira hawan jini. Ɗan rakiyar da ya fassara wa majinyaci kalmar da cewa ya kamu da hawan jini ya faɗi abin da takardar ba ta faɗa ba.

Na'urar hawa bene ta nuna yadda Turawan ma ba su daidaita ba. Mutanen Ingila, da Najeriya da ta gaji Turancinsu, suna ce mata 'lift'. Amurkawa kuwa 'elevator' suke cewa, a ƙasar da Elisha Otis ya nuna wa jama'a birkin da ke hana ta faɗowa a birnin New York a 1854.

Hausa ma ta rarraba, ta wata fuskar

Kuskure ne a ɗauka cewa yawan kalmomin nan na nufin Turanci ya fi Hausa wadata. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Turanci ya fi kula da nauyin abu da kayan aikin da aka ɗaga shi da su. Hausa kuwa ta fi kula da sashen jikin da ya karɓi kayan da kuma inda abin ya nufa. Ana ɗora kaya a ka, a saɓa a kafaɗa, a goya a baya, a tallabe da tafin hannu, a kinkimi abin da ya fi ƙarfin mutum. Ana jinjina kaya don a ji nauyinsa kafin a yi cinikin dako, abin da Turanci ke kira 'heft'. Kusan duk waɗannan, Bature sai ya haɗa 'carry' da ƙarin bayani kafin ya isar da su.

Sannan abin da Turanci ke yi da sauya kalma, Hausa na yin sa da sauya wasalin ƙarshe, tsarin da masanin harshe F. W. Parsons ya rarraba zuwa azuzuwan aikatau bakwai a 1960. An ɗaga kaya. An ɗago shi zuwa wajen mai magana. Kayan ya ɗagu. An ɗage shi gaba ɗaya. Tazarar da ke tsakanin labaran CBN guda biyu, wadda Turanci ya nuna da kalma biyu, a Hausa wasali ɗaya ce: an ɗage takunkumi, an ɗaga kuɗin ruwa.

Sai dai 'ɗage' ma tana da tata matsalar ga mai juyawa zuwa Turanci, domin tana nufin cirewa, tana kuma nufin jinkirtawa. Da hukumar INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, 2019, sa'o'i kaɗan kafin buɗe rumfuna, abin da ta yi shi ne 'postpone'. Ɗalibin da ya rubuta 'lift' a nan ya fassara harafi ya bar ma'ana. Haka yake ga ɗaga waya. Bature 'pick up' ko 'answer' yake cewa, ba ya kawo 'raise' ko 'lift' a wurin.

Yadda za a zaɓa

Ƙamus na taimakawa, musamman irin wanda ke kawo misalai cikin jumla, kamar na Turanci zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990. Amma a ɗakin jarrabawa ko ɗakin labarai, inda babu lokacin bincike, tambayoyi huɗu sun wadatar.

Ta farko: abin ya bar mazauninsa? Idan ya bari kuma yana da ɗan nauyi, 'lift' ce. Idan ƙarami ne da hannu ɗaya ke ɗauka daga ƙasa ko tebur, 'pick up' ce. Idan bai bari ba, tsayi ko adadi kawai aka ƙara masa, 'raise' ce.

Ta biyu: da me aka ɗaga shi? Igiya ko sarƙa daga sama, 'hoist'. Jak daga ƙasa, 'jack up'. Ƙarfin ƙirji da nishi, 'heave'.

Ta uku: maganar ta daraja ce ko ta awon asibiti? To 'elevate' ce ta dace.

Ta huɗu, wadda ta fi muhimmanci ga mai karanta labarai: me ya biyo bayan kalmar? Idan doka ce ko takunkumi ko dakatarwa ko dokar hana fita, kalmar da za a gani ita ce 'lift', kuma albishir ne na sassauci. Idan farashi ne ko haraji ko kuɗin ruwa, kalmar ita ce 'raise', kuma sai a shirya aljihu.